Horar da malaman Turanci kan koyarwa ta hanyar aiki: amsa ga wata shugabar makaranta a Jos

Wata shugabar ƙaramar sakandare a Jos ta aiko da tambaya cewa mai makarantarsu ya ware ɗan kuɗi domin a horar da malamanta na Turanci su biyar a kan salon koyarwar nan da ake ɗora wa ɗalibai wani aiki su gudanar da shi da kansu na tsawon makonni, wanda malamai ke kira furojet. An kawo mata tayin taron bita na kwana uku. Ajujuwanta suna ɗauke da ɗalibai sittin zuwa saba'in, mafi yawansu Hausa suke yi a gida da kan hanya, iyaye kuma sakamakon jarrabawa kawai suke dubawa. Tana son ta san ko ta karɓi tayin, in kuwa bai isa ba, wane irin horo ya kamata ta nema.

Hajiya, ki karɓi bitar idan kin gamsu da mai gabatar da ita, amma kada ki yarda ta cinye kuɗin gaba ɗaya. Ni dai da a hannuna kuɗin yake, kashi ɗaya cikin uku zan kashe a kan zaman bita, sauran kuma in ajiye domin a riƙa bin malaman har cikin aji na tsawon zango guda, saboda a can ne salon yake kamawa ko ya mutu. Akwai kuma sharaɗi ɗaya da ya fi kowane muhimmanci, wato horon ya koya wa malami yadda zai dasa Turanci a cikin aikin tun daga ranar farko, domin idan aka rasa wannan, yara za su yi aiki mai kyau da Hausa, a manna masa Turanci a ranar ƙarshe.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan yana cikin asalin salon. Ba don koyar da harshe aka ƙirƙiro shi ba. Tushensa yana cikin tunanin John Dewey, masanin falsafar ilimi ɗan Amurka da ya dage cewa yaro yana koyo ne ta hanyar yi, sannan William Kilpatrick ya fito da shi a sarari cikin wata maƙala da ya wallafa a 1918. Yaran da waɗannan malamai suke tunani a kansu suna gudanar da aikin ne da harshen da suka tashi da shi, saboda haka ba wanda ya damu da harshen da suke muhawara da shi a tsakaninsu. Masu koyar da harsuna sun ɗauko tunanin ne daga baya. A kudancin Indiya, N. S. Prabhu ya jagoranci wani gwaji a yankin Bangalo daga 1979 zuwa 1984, inda aka riƙa koyar da Turanci ta hanyar ba yara matsala su warware maimakon haddar ƙa'idojin nahawu. A Kanada kuma, Merrill Swain ta lura cewa yaran da suka shekara da shekaru ana koya musu darussa da Faransanci suna fahimtar harshen sosai, amma maganarsu da rubutunsu suna cike da kurakurai, ta kuma danganta hakan da cewa ba a cika matsa musu su furta ko su rubuta abu daidai ba. Amfanin furojet ga malamin Turanci ke nan: yana samar wa yaro dalilin buɗe baki da ɗaukar biro. Idan dalilin bai samu ba, wahalar banza aka sha.

A takarda, Turanci harshen hukuma ne a Najeriya kuma harshe na biyu ga ɗalibanmu, amma ga yaron da ya taso a Unguwar Rogo ko Gangare ko Rikkos, wanda da Hausa yake cin abinci, da ita yake wasa, da ita ake aikensa kasuwa, Turanci baƙon harshe ne da yake haɗuwa da shi a cikin aji ya bar shi a bakin ƙofa. Jos kuma tana da wani abu nata. Ko ajin ya haɗa 'ya'yan Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Hausawa, da zarar an ce su zauna rukuni-rukuni, Hausa ce za ta haɗa su, wani lokaci da ɗan buroka. Wannan ba laifi ba ne, ni'ima ce ta garin, sai dai malamin da bai yi shirinta ba zai tarar aikin rukuni ya zama darasin Hausa na minti arba'in.

Na san haka ne domin na taɓa faɗawa ramin da kaina. Shekarun baya na gabatar da bita ta kwana uku ga wasu malamai, aka tafa mini, aka raba takardun shaida, na tafi gida ina ganin na yi abin kirki. Bayan wata biyu ɗaya daga cikinsu ya gayyace ni in ga abin da ɗalibansa na aji biyu suka yi. Na tarar sun gina kasuwa guda da kwali da tsinken tsintsiya da marafan kwalba, har da rumfar masu tumatir da motar da ke sauke kabeji, aiki dai mai ban sha'awa. Na durƙusa kusa da wani yaro da aka ce shi ya haɗa motar, na tambaye shi da Turanci me motar ta ɗauko. Ya dube ni, ya dubi malaminsa, sai ya nuna wata yarinya ya ce da Hausa, "Ita ce take yin Turancin." Ashe duk sunayen da aka manna a jikin rumfunan da jawabin da aka karanta mini, yarinyar nan ce kaɗai ta rubuta, ita da dama ta fi kowa iyawa. Mako huɗu aka kashe. Laifin ba na malamin ba ne, nawa ne, domin na koya masa yadda ake shirya aiki, ban koya masa inda harshe zai shiga ba.

Saboda haka abu na farko da za ki nema a wurin mai horarwa shi ne ya sa malaman su gudanar da ƙaramin furojet da kansu, da Turanci, a matsayin ɗalibai, tun daga zaɓen batu har zuwa gabatarwa. Gani ya kori ji. Malamin da aka karanta wa fa'idojin aikin rukuni daga allon majigi zai koma aji ya karanta wa yara, domin kowa da yadda aka koya masa yake koyarwa. Wanda kuwa ya zauna cikin rukuni ya ji yadda mutum ɗaya ke mamaye magana, ya ji yadda bakinsa da kansa ke komawa Hausa idan muhawara ta yi zafi, shi ne zai gane abin da zai tarar a ajinsa.

Bayan nan sai babban darasin, wato tsara aiki daga ƙarshe zuwa farko. Malami ya fara da tambayar me yara za su samar, wa zai karanta ko ya saurara, kuma me ya sa dole sai da Turanci. Tambaya ta ukun ita ce ake yawan tsallakewa. Bari in ba ki misalin da na ga ya yi aiki, wanda kuma ba ya bukatar ko sisi fiye da takarda. Kusan kowace makaranta a Jos tana samun masu yi wa ƙasa hidima, da yawansu daga kudu suke kuma ba sa jin Hausa. Sai a ce wa ɗalibai su rubuta ɗan littafin jagora mai shafi takwas ko goma domin sabon ɗan hidima da zai zo: yadda zai sayi kayan miya a Farin Gada ba a tsuga masa kuɗi ba, wace mota ko keke zai hau daga Taminus zuwa makarantar, irin suturar da zai tanada saboda sanyin Disamba da Janairu, yadda ake gaishe da manya, da abin da zai gani idan ya je gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952 kuma yake ɗauke da kayan tarihin Nok. A nan yara su ne masana, baƙon shi ne mabukaci, kuma ba yadda za a isar masa da saƙon sai da Turanci. Ba sai malami ya yi ta tsawa cewa a daina Hausa ba, aikin da kansa ya tilasta.

Da zarar an san abin da za a samar, sai malami ya zauna ya fitar da harshen da aikin ke bukata, kuma wannan zaman shi ne zuciyar horon. A misalin jagorar nan, ana bukatar yadda ake gina tambaya, domin yara za su yi hira da ɗan hidimar da ke makarantar su ji abin da ya ba shi wahala da ya iso. Gina tambaya a Turanci yana wahalar da mai jin Hausa, saboda a Hausa ba a juya jimla ko a shigo da wata kalma mai taimako, shi ya sa yaro zai ce "Where you bought it?" maimakon "Where did you buy it?" Ana bukatar shuɗaɗɗen lokaci domin ba da rahoton hirar, da jimlolin umarni da shawara domin rubuta jagorar, da kalmomin kwatanta farashi. Duk waɗannan suna cikin manhajar ƙaramar sakandare da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ta tsara, abin da ya sauya kawai shi ne lokacin koyar da su. Malami zai koyar da gina tambaya ranar Litinin saboda ranar Laraba za a yi hira, kowane yaro kuma ya san zai miƙe ya yi tasa tambayar. Nahawu bai fita daga aji ba. Duk mai horarwar da ya ce miki wannan salon ya kori koyar da nahawu, ki yi masa godiya ki nemi wani.

Batun Hausa a cikin rukuni kuwa, ban goyi bayan cin tara ko bulala ba, domin abin da suke haifarwa shi ne shiru, shiru kuma ba ya koyar da harshe. Abin da malami ya kamata ya koya shi ne raba aikin gida biyu a fili. Idan yara suna tattara bayani a wurin mai sayar da karas, ko suna gardamar wane batu za su sa a gaba, su yi da Hausa, tunaninsu zai fi zurfi. Amma kowane darasi ya kasance yana da wani yanki da aka keɓe wa Turanci zalla, gajere a farko, kamar minti biyar, inda aka riga aka rubuta musu 'yan jimlolin farawa a allo, sannan kowane zama ya ƙare da abin da aka faɗa ko aka rubuta da Turanci. A hankali ake faɗaɗa yankin.

Yawan ɗalibai matsala ce ta gaske, ban kuma raina ta ba, amma tana da dabaru waɗanda dole a gwada su a zaman bita da jiki, ba da baki ba. A ajin mutum saba'in da dogayen bencina, ba a jan kujeru. 'Yan benci na gaba su juyo su fuskanci na bayansu, rukuni ya samu cikin daƙiƙa talatin. Kowane ɗan rukuni a ba shi lamba daga ɗaya zuwa shida, kuma malami kada ya faɗi wanda zai yi bayani sai lokaci ya yi, ya ce yau masu lamba huɗu ne za su miƙe. Wannan ƙaramar dabara ita ce maganin abin da na gani a kasuwar kwali, domin rukuni ya san ba zai iya fakewa bayan gwanarsa ba, dole ya shirya kowa. Haka nan kowane yaro ya rubuta nasa sakin layi a littafinsa kafin a haɗa na rukuni. Malami ba zai iya duba littafi saba'in kowane mako ba, saboda haka sai ya koyi duba na rukuni uku a mako yana juyawa, yana kuma neman kuskure iri ɗaya ko biyu da aka koyar, maimakon ya cika shafi da jan biro har yaro ya ji tsoron sake rubutu.

Akwai wata magana da ba a son faɗa a bainar jama'a, amma ke shugaba ce, ya kamata ki ji ta. Wasu malaman ba ƙin salon suke yi ba, tsoronsa suke ji. Malamin da ke bin littafi shafi-shafi ya san duk kalmar da za ta fito a darasinsa, amma da zarar an saki yara, wani zai tambaye shi sunan yalo ko acca ko gwaza da Turanci, ko ya nemi a gyara masa jimlar da ba ta cikin kowane littafi. Takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, ba ta ba da tabbacin cewa mai ita ya saba magana da Turanci ba tare da shiri ba. Horo nagari yana ware lokaci domin malamai su yi atisayen Turancin gudanar da aji, kamar ba da umarni a taƙaice da tambayar da ke jawo magana, ya kuma saba musu da cewa "ban sani ba, mu duba ƙamus" ba tare da jin an ci mutuncinsu ba. Ki yi wannan da hikima, kada ya zama kamar jarrabawa ake yi musu, musamman idan akwai dattijo a cikinsu.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a ajiye mafi yawan kuɗin. Binciken da Bruce Joyce da Beverly Showers suka yi a Amurka tun shekarun 1980 ya nuna cewa bayani da nuni da gwaji a ɗakin horo suna ƙara wa malami sani, amma ba kasafai sabon salo ke shiga aji ya zauna ba sai an haɗa da mai bin malami yana kallo yana ba da shawara. A Japan malamai sun daɗe da al'adar shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, sannan a zauna a tattauna abin da yara suka yi. Ba ma sai an je nesa ba, domin shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 da tallafin Japan, Filato tana cikin jihohi uku da aka fara gwada shi tare da Kaduna da Neja, saboda haka akwai malamai a jihar nan da suka san ɗanɗanon irin wannan zama. Ke abin da za ki yi mai sauƙi ne. Ki fitar da awa ɗaya a jadawali kowane mako domin malaman biyar su zauna, ki sa mai horarwa ya dawo sau uku ko huɗu a zangon ya shiga aji, sannan ki haɗa su biyu-biyu su riƙa kallon darasin juna. Mai kallo ba sufeto ba ne, ba ya ba da maki, kuma rahotonsa ba ya zuwa teburinki. Aikinsa ya zauna kusa da rukuni ɗaya ya rubuta wa ya yi magana, da wane harshe, na tsawon wane lokaci. Ranar da malamai suka ji cewa abin da aka gani zai shafi albashi ko ƙarin girma, daga ranar za su fara shirya miki wasan kwaikwayo.

Kada ki tura mutum ɗaya ya je ya koyo ya dawo ya koya wa sauran, ko da ya fi araha. Abin da aka yi kwana uku ana gwadawa zai dawo ya zama bayanin minti ashirin a ofishin malamai. Mai horarwa kuwa ki neme shi a tsangayar ilimi ta Jami'ar Jos, ko kwalejin ilimi ta Gindiri, ko jami'ar ilimi ta tarayya da ke Pankshin, ko ta hanyar cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna. Sunan wurin da ya fito bai isa ba. Ki tambaye shi yaushe rabonsa da tsayawa gaban ajin yara sittin, ki nemi ya nuna miki rubutun ɗalibai na ainihi daga wani aiki da ya jagoranta, da kurakuransu a ciki, sannan ki ji ko zai yarda ya koyar da darasi ɗaya a ajinki malamai suna kallo. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan ta ƙarshen ya riga ya ba ki amsa.

Damuwar iyaye game da jarrabawa tana da tushe, tunda ba a samun gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci. Amma ki dubi abin da WAEC da NECO suke tambaya: rubutun wasiƙa ko insha'i, fahimtar nassi, taƙaita bayani, kalmomi da nahawu, da sautukan harshe. Yaron da ya rubuta wa ɗan hidima wasiƙar neman izinin hira, ya taƙaita amsoshinsa a jimla biyar, ya sake rubuta sakin layinsa sau biyu bayan gyara, ya riga ya taɓa akasarin waɗannan, kuma da hannunsa. Duk da haka ban ba ki shawarar mayar da dukkan darussa furojet ba. Aiki ɗaya a zango ya isa, na mako uku zuwa huɗu, darasi biyu a mako, zai fi kyau idan suna jere. Ki fara da aji ɗaya ko aji biyu, ki bar 'yan aji uku masu fuskantar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare sai malamai sun goge. Makin aikin ya shiga cikin makin gwajin zango, kuma mafi yawansa ya fito daga abin da yaro ya rubuta ko ya faɗa shi kaɗai, ƙaramin kaso ne zai tafi ga rukuni, kada a ba adon kwali ko maki ɗaya. Batun da za a zaɓa kuma ya zama wanda ba ya taɓa addini ko ƙabila ko siyasa, kin fi ni sanin garin da muke ciki, kuma duk bayanin da za a tattaro a waje ya kasance a gida ko a kan hanyar da yaro ya saba bi, da sanin iyayensa.

Domin ki san ko kuɗin ya yi amfani, ki sa kowane ɗalibi a ajin da za a fara da shi ya rubuta sakin layi ɗaya a makon farko, ki karɓa ki kulle a durowa. A makon ƙarshe su sake rubuta wani a kan batu mai kama da shi, a cikin aji, ba taimako. Ki ware takardun yara goma waɗanda malami ya ce su ne mafiya rauni, ki jera na farko da na ƙarshe ki karanta tare da malaman. Ranar gabatarwa kuma, idan aka miƙa wa ɗan hidima jagorarsa, kada ki tsaya a kan wanda rukuni ya turo gaba. Ki ratsa zuwa bencin baya, ki zaɓi yaro ɗaya da kanki, ki tambaye shi da Turanci nawa ake sayar da kwandon tumatir a Farin Gada kuma wa ya gaya masa.